Ɓarawon Zamani Ba Ya Haura Katanga: Jan Kunne ga Ƴan Kasuwar Damargu

Ƴan'uwa manoma, makiyaya da ƴan kasuwa, a wannan fitowa shafinmu zai yi magana a kan wata annoba da ta shigo ƙasarmu. Fara da tsuntsu suna cin hatsi a gona, ciwon huhu yana kama shanu a garke, ita kuwa wannan aljihu take kamawa. Tana iya cinye wahalar damina guda kafin tukunyar shayi ta tafasa. Annobar ita ce damfara ta wayar salula. Kamar sauran cututtuka, tana da hanyoyin da take bi, tana da alamomi, tana kuma da rigakafi. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Yadda kasuwa ta shiga cikin waya

Damargu tun fil azal ƙasar hatsi ce da bisashe. A ƙarni na 19, ayarin raƙuma masu tafiya tsakanin Kano da Agadas, har zuwa Gat da Turabulus, ta nan suke ratsawa, su yada zango a garuruwa irin su Jajiduna. Mutanen Abzin nan suke zuwa awon hatsi, wani su ci, wani su kai Bilma su musanya da gishiri da dabino. A wancan zamani babu banki. Abu uku ne suka riƙe ciniki: sanayya, dillali da shaidu. Baƙo ba ya sayar da raƙumi sai ta hannun dillalin da gari ya san gidansa, domin in dabba ta fito ta sata a san ƙofar da za a buga. Har gobe haka ake yi a kasuwannin Tanut, Balbeji da Bakin Birji.

Wayar salula ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000, kuma ta kawo alheri mai yawa. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar nan daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili kuwa a fili yake: ɗan kasuwar Tanut ba sai ya yi tafiyar kilomita 140 zuwa Damagaram ba kafin ya san kuɗin tiya. Daga baya kuɗi ma suka shiga waya. Yau ɗan ci-rani da ke Libiya ko Aljeriya ko Legas yana aiko da na cefane ta gidajen tura kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza, ko ta asusun waya na Airtel, Moov da Zamani, kuɗi su iso ƙauye a yini ɗaya.

Sai dai hanyar da alheri ya bi, ita sharri ya biyo. A cikin waya ba ka ganin fuskar mai magana, babu dillali, babu shaidu. Ɗan damfara ya gane haka. Ba ya fasa shago, ba ya tare hanya da makami. Yana zaune wani gari mai nisa, ya sa kai da kanka ka buɗe masa aljihunka. A nan ya kamata mu fahimci abu guda: yawancin wannan sata ba na'ura ake yi wa ba, hankalin mutum ake yi wa. Saboda haka manomin da bai san kwamfuta ba yana iya kare kansa sarai, muddin ya riƙe ƙa'idar kasuwa da ya gada.

Dabarun macuta

1. Saƙon ƙarya. A ce ka kai rago kasuwa gab da Layya, an daidaita a jika 80. Mai saye ya ce ba ya da kuɗi a hannu, zai tura maka ta waya. Jim kaɗan wayarka ta yi ƙara, ga saƙo mai cewa jika 80 sun shiga. Ka miƙa igiya, ya tafi. Da ka je karɓa aka ce babu ko dala. Saƙon nan shi ya rubuta shi da hannunsa, ya kwaikwayi irin na kamfani. Wasu kuma hoton rasit suke nunawa, wanda suka canza masa suna da adadi. Masu kai dabbobi Mai'aduwa da Maigatari su ƙara lura, domin tun farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin kuɗin hannu a Nijeriya, ciniki da yawa a can ya koma ta waya. Saƙo ba kuɗi ba ne. Kuɗi su ne abin da ka gani a cikin asusunka bayan ka duba da kanka, ko abin da ka ƙirga da yatsunka.

2. “Na tura maka bisa kuskure.” Saƙo zai shigo, sai kira ya biyo baya. Murya ce mai ban tausayi: kuɗin maganin mahaifiyarsa ne, ya yi kuskuren lamba, don Allah ka mayar masa. Kai kuma mai tsoron Allah ne, ba ka cin haƙƙin wani, sai ka tura. Ashe babu abin da ya shigo, daga cikin naka ka ba shi. Wannan dabara mutanen kirki take kamawa. Amsa ita ce: “Bari in duba asusuna. In kuɗinka sun shigo, ka je wurin kamfani su mayar maka.”

3. Ma'aikacin ƙarya. Wani zai kira ya ce daga kamfanin waya yake. Ko dai ka ci kyautar babur, ko kuma za a rufe layinka yau in ba a gyara shi ba. Sai ya ce ka faɗa masa lambar sirrinka, ko ka danna waɗansu lambobi da zai karanta maka. Lambobin da kake dannawa umurni ne ga wayarka ta tura masa kuɗinka. Ku riƙe wannan da kyau: babu kamfanin waya, babu banki, babu gidan tura kuɗi da ke tambayar lambar sirrin mutum. Ma'aikacin gaskiya ba ya bukatarta. Duk wanda ya tambaye ta ɓarawo ne, ko da ya ambaci sunanka da na ƙauyenku.

4. Satar suna da murya. Masu WhatsApp sun san lamba shida da ake aikowa in za a buɗe shi a sabuwar waya. Macuci yakan ce ya aiko maka da wata lamba bisa kuskure, ka karanta masa. Da ka karanta, WhatsApp ɗinka ya koma hannunsa, da hotonka da sunanka. Daga nan zai bi abokan cinikinka ɗaya ɗaya yana neman rance da sunanka. Irin wannan ce ake yi wa iyayen ƴan ci-rani: a kira a ce ɗanku yana tsare a Libiya, ko mota ta faɗi da shi, a turo kuɗi yanzu. Gaskiya ne ana tsare matafiya a can don neman fansa, shi ya sa ƙaryar take shiga. Yanzu kuma akwai na'urorin da ke kwaikwayon muryar mutum in sun sami ɗan guntun maganarsa. Don haka jin murya kaɗai bai isa shaida ba. A kashe waya, a kira yaron ta lambarsa da aka sani, ko a kira abokan tafiyarsa. In ba a same shi ba, a ce wa mai kiran ya tambayo shi abin da ɗan gida kaɗai ya sani, kamar sunan rijiyar da ake shayar da garkenku.

5. Tallafin ƙarya. Lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, tsakanin bazara da tsakiyar damina, shi ne kakar waɗannan mutane. Za a baza saƙo cewa wata ƙungiya tana raba kuɗi, ko taki, ko abincin bisashe, amma sai ka biya jika 2 na rajista, ko ka latsa wani shuɗin rubutu ka saka lambarka. Wani kuma zai ce yana da hanyar sama wa ɗanka aiki a matatar man da ke kusa da Bakin Birji, a ba shi na goro. Taimakon gaskiya ba a ɓoye yake zuwa ba. Hatsin farashi mai rahusa na OPVN da tallafin masu ƙaramin ƙarfi suna biyowa ta hannun hukuma da masu gari, a gaban jama'a, da rana tsaka. Wanda ya ce ka biya kafin a taimake ka, kai ne kake taimakonsa.

6. Cinikin biri a sama. A Facebook da WhatsApp ana nuna hoton injin ban ruwa, farantin hasken rana, buhunan taki ko injin niƙa a rabin kuɗinsu. Mai kaya yana Yamai ko Kano, in ji shi, ka tura rabi, sauran in kaya sun iso tasha. Kaya ba sa isowa, lambar kuma ta daina shiga. Hoto kowa yana iya ɗaukarsa a shagon wani. In kana da ɗan'uwa a garin, ya je ya ga kayan da idonsa, ya taɓa su, sannan a biya. In babu, ka haƙura ka saya wurin wanda ka san shagonsa.

7. Zuba kaɗan, kwashi da yawa. Wannan ita ce mafi cin dukiya. Ana cewa ka zuba jika 10, bayan wata guda ka karɓi jika 20. Na farko suna karɓa da gaske, su ne ma suke jawo ƴan'uwansu. To, daga ina ribar take fitowa, alhali ba a noma ba, ba a yi kiwo ba, ba a sayar da komai ba? Daga kuɗin sababbin shiga. Mu yi lissafi tare. In mutum 10 suka zuba, sai an sami mutum 20 kafin a biya su. Su 20 sai an sami 40, su 40 sai an sami 80. A zagaye na 10 ana bukatar mutum 5,120. A zagaye na 20 ana bukatar sama da mutum miliyan 5, alhali ƙidayar 2012 ta nuna duk jihar Damagaram mutum miliyan 3 da rabi ne. Ke nan dole abin ya rushe, kuma na baya su ne masu kuka. An gani a maƙwabta. Wani tsari mai suna MMM, wanda ya riga ya rushe a Rasha a 1994, ya bayyana a Nijeriya, ya rufe asusun jama'a a watan Disamba 2016. Hukumar inshorar ajiya ta Nijeriya ta ce kimanin mutum miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. A watan Afrilu 2025 wani mai suna CBEX ya sake rushewa da kuɗin jama'a a can. Suna ne kawai yake canzawa. A ƙasarmu, duk gidan da ke karɓar ajiyar mutane sai da izinin hukumar kuɗi. Kafin ka zuba, ka tambayi takardar izini, ka san ofis, ka san wanda za ka kama.

Alamomi uku na cutar

Malamin asibiti yana gane ƙyanda da ƙuraje da zazzaɓi. Ita ma damfara, duk rigar da ta sa, ba ta rasa ɗaya daga cikin alamomi uku.

Ta farko gaggawa. “Yanzu-yanzu”, “kafin la'asar”, “in ka kashe waya ka rasa”. Macuci ya san in ka kwana da maganar za ka gane shi.

Ta biyu ɓoyo. “Kada ka gaya wa kowa, kada a yi maka hassada.” Ya san in ka shawarci mutum ɗaya asirinsa ya tonu.

Ta uku kwaɗayi ko tsoro. Ko dai ya nuna maka abin da ba ka yi wahalarsa ba, ko ya razana ka da asara. Magabata sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kyautar gasar da ba ka shiga ba, daga ina ta san ka?

In ka ga ɗaya daga cikin ukun nan, ka dakata. In ka ga biyu, ka kashe waya.

Rigakafi

Lambar sirri mabuɗin rumbu ce. Ba a rataye mabuɗi a ƙofar rumbu, don haka kada a rubuta lambar a bayan waya ko a takardar da ke cikin jakarta. Kada a zaɓi 1234 ko 0000 ko shekarar haihuwa, domin su ɓarawo yake fara gwadawa. In kana zargin wani ya gan ta, ka canza ta a ranar.

A ƙauyukan da babu lantarki ana barin waya wurin mai caji, wani lokaci yini guda. Yawancinsu mutanen amana ne, amma hannu da yawa ke shiga wurin. Ka sa wa wayarka makulli, ko ka cire katin layin ka tafi da shi. Mai WhatsApp kuma ya nemi wanda ya iya ya sa masa lambar tsaro ta biyu, wadda ke hana a ɗauke shi ko da an sami lamba shidan nan.

Kada ka ba wani katin shaidarka ya yi rajistar layi da shi. In aka yi zamba da layin, sunanka ne zai fito a gaban hukuma. Haka kuma kada ka yarda baƙo ya ce a turo masa kuɗi ta asusunka ka ciro masa, ko da zai ba ka la'ada. Ta yiwu kuɗin sata ne, sawun kuma ƙofarka zai tsaya.

Lambar karɓar kuɗi da gidan tura kuɗi ke bayarwa, tsakanin mai aikowa da mai karɓa take. Kada a saka hoton rasit a dandalin da mutane da yawa suke.

Babban ciniki a yi shi yadda aka saba. In kuɗin raƙumi ko na buhu 50 za su biyo ta waya, ku tafi tare da mai saye da dillali har wurin mai shagon kuɗi, a ciro, a ƙirga, a duba takardun ko akwai jabu, sannan a saki igiya. Mai saye na gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Idan abokin cinikinka na kullum ya aiko cewa ya canza lamba, a tura kuɗi ta sabuwa, ka kira tsohuwar tukuna. Kiran dala 20 ya fi asarar jika 200.

Ga ƙungiyoyi da masu shagon kuɗi

Bankunan cimaka, ƙungiyoyin makiyaya, matan adashi da masu sayar da cuku ko ƙuli-ƙuli a haɗe, kuɗinsu na mutane da yawa ne, asararsu kuma tana raba zumunci. Kada kuɗin ƙungiya su zauna a layin mutum ɗaya tare da nasa na kansa. A buɗe wa ƙungiya layinta. A yi doka cewa ba a fitar da ko dala sai mutum biyu ko uku sun yarda, kuma sun ga juna ido da ido. Kowane shige da fice a rubuta shi a littafi, da rana da adadi da suna, a karanta a gaban taro. In ma'aji ya sauka, a canza lambar sirri a ranar. Wannan ba rashin yarda ba ne. Shi yake kare ma'aji daga zargi.

Masu shagon tura kuɗi su ma ana farautarsu, domin asusunsu ya fi nauyi. Akan kira su da sunan babban ofis a ce za a yi gwaji, su tura wani adadi za a mayar. Kada su tura. Su kira wakilin kamfani da suka sani. Kuma suna da babban aiki a kan jama'a: in tsoho ya zo a ruɗe, waya a kunne, yana so ya tura kuɗi ga lambar da bai sani ba, tambaya ɗaya cikin ladabi tana iya ceton garkensa.

Wanda bai iya karatu ba fa?

Shi ne ya fi shiga hatsari, domin dole ya miƙa wayarsa a karanta masa. Shawara ita ce ya zaɓi mutum ɗaya amintacce daga cikin gida, kada ya miƙa wa duk wanda ya gani a tasha. Ko shi amintaccen, ya karanta saƙo ne kawai, lambar sirri kuwa mai waya ya danna da hannunsa. Lambobi goma ne, daga 0 zuwa 9, kuma mai ƙirga garke da tiya ba zai kasa riƙe su ba. A 2009 da 2010 an gwada koyar da manya karatu tare da salula a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, aka ga waɗanda suka koya da waya sun fi ci gaba a rubutu da lissafi. Muna kira ga malaman yaƙi da jahilci su ware darasi guda a kan duba ragowar kuɗi a asusu da bambanta saƙon kamfani da na mutum. Wanda ya iya wannan ya toshe rabin ƙofofin ɓarawo.

Idan abin ya riga ya faru

Na farko, a yi sauri. A je wurin wakilin kamfani ko a kira su nan take, domin in ba a riga an ciro kuɗin ba wani lokaci ana iya tsayar da su. A canza lambar sirri. In waya ce ta ɓace, a sa a rufe layin.

Na biyu, kada a goge komai. Saƙonni, lambar da ta kira, rasit, rana da lokaci, duk shaida ne.

Na uku, a kai ƙara wurin jandarmomi ko ƴan sanda mafi kusa. Nijar tana da doka a kan wannan laifi, mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga watan Yuli 2019, wadda aka yi wa gyara a 2022 da 2024. Ta tanadi ɗauri da tara ga mai zamba ta waya ko intanet, kuma ƴan sandan bincike suna da sashe na musamman a Yamai mai bin irin wannan sawu. Ba kullum kuɗi suke dawowa ba, gaskiya ke nan. Amma ƙara a kan ƙara ita take kai ga kama mutum.

Na huɗu, a yi hattara da mai zuwa daga baya ya ce zai ƙwato maka kuɗinka in ka ba shi wani abu. Sau da yawa shi ne dai na farko ya canza murya.

Na biyar, kada kunya ta rufe baki. Manyan attajirai da masu digiri an yi musu. Shirun wanda aka cuta shi ne jarin macuci, domin lambar da ta ci Tanut yau ita za ta kira Balbeji gobe. A faɗa a masallaci bayan salla, a faɗa a fadar mai gari, a gaya wa sarkin kasuwa da shugaban dillalai, a kai wa gidan rediyon gari su yi shela.

Jama'a, kakanninmu sun yi ciniki da mutanen Gat da na Kano, yarensu daban, garinsu da nisa, amma ba su saki igiyar raƙumi ba sai sun san mutum, sun kafa shaida, sun ga kuɗi. Waya ta rage mana tafiya, ba ta soke wannan ƙa'ida ba. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa, miji ya gaya wa matarsa, uwa ta gaya wa ɗanta da ke ci-rani. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mana guminmu, ya ba mu damina mai albarka.